A Wajen Wa Ka Karanta? Tarihin Kwafar Rubutu a Arewacin Kano, Daga Zaure Zuwa Wayar Hannu

Ɗalibanmu sun dawo daga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 a jigace. Wata takwas cur aka yi, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kuma da aka buɗe makarantu sai aka matse zangon karatu, jinga a kan jinga, 'yan ajin ƙarshe ana ce musu su kawo babi uku na kundi cikin kwanakin da ko babi ɗaya ba za su isa ba. Ana cikin haka, ranar 30 ga Nuwamba, kamfanin OpenAI na Amurka ya saki ChatGPT. Ba a jima ba labarinsa ya iso Kano. A watan Afrilun 2024 kuma Meta AI ya shigo cikin WhatsApp, wato ya shigo aljihun kowa, har yaron da ya fito daga Kunchi ko Makoda da 'yar tsohuwar wayarsa mai fasasshen gilashi. Tun daga nan maganar ƙirƙirarriyar basira ba ta bar ofisoshin malamai ba.

Abokan aikina da yawa suna kiran abin satar fasaha, su tsaya a nan. Ɗalibai kuwa in ka matsa musu sai su ce, "Malam, kowa fa yana yi," ko kuma, "Wallahi Malam, Turancin kawai ya gyara min." Ni ina koyar da labarin ƙasa a wata jami'a a jihar nan, ina kuma duba kundin masu kammala digiri, don haka rigimar ta same ni har kan teburina. Sai dai na tashi a gidan da kwafar rubutun wasu sana'a ce mai daraja, da ita aka ciyar da mahaifina har ya girma. Shi ya sa duk lokacin da na ji an ce kwafar ita ce laifin, sai in ga an bar jaki ana dukan taiki. Mutanen ƙasar nan sun yi ɗaruruwan shekaru suna kwafa, kuma sun shimfiɗa wa abin dokoki masu tsauri. Dokokin ne muka yar, tun kafin a ƙera wayar hannu.

Ƙauyenmu yana arewa da Dambatta, ta hanyar Kazaure. Wanda ya san yankin ya san gona ta haɗe da gona, da ƙyar ka ga saura, sai gawo da kuka da ɗorawa da tsamiya a tsaitsaye cikin gero da dawa da wake da gyaɗa. Wannan cunkoson noma da ya kewaye birnin Kano shi ya ja hankalin Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar a Zariya, daga baya ya dawo Jami'ar Bayero har 1986. Tun a 1965 shi da abokin aikinsa J. Wilson suka fitar da bincike a kan yadda mutane masu yawa haka suke noma ƙasa ɗaya kowace shekara ba ta mutu ba, saboda takin gida da kiwo da kuma jakunan da ke kai itace birni su dawo da taki. Da ayyukansa muke koyar da ɗalibai har yau. Amma akwai wani amfanin gona da masu labarin ƙasa ba su cika ƙirgawa ba. Damina a wurinmu wata huɗu ce zuwa biyar. Da an ɗaure dami an kai rumbu, sai allo ya fito. Karan da aka sare a gona shi ne wutar karatun dare da na asuba, kuma gardawa su saɓa buzu su yi gabas, Haɗejiya, Nguru, Gashuwa, har Maiduguri, ba za a sake ganinsu ba sai ruwan shuka.

Kakana yana cikin waɗanda suka yi gabas, ya daɗe can, ya dawo alaramma mai hadda da kyan hannu. Na riske shi ya tsufa, idonsa ya fara rauni, amma kayan aikinsa suna nan a ɗakinsa. Alƙalaminsa na karan gamba ne, shi yake feƙe abinsa da aska, kuma ba ya yarda wani ya taɓa masa. Tawadar allo daban, ta gawayi da ƙaro, wadda ruwa ke wankewa. Ta takarda kuwa da 'ya'yan bagaruwa ake haɗa ta, a jiƙa su da guntayen ƙarfe daga maƙera, a sa ƙaro, ta yi baƙi ƙirin ta kama takarda har abada. Ga ja ta wasali, ga rawaya ta hamza, kowace da ɗan kurtunta. A cikin gafakarsa akwai tsofaffin takardu da ya gada daga malaminsa, waɗanda in ka ɗaga su a rana za ka ga hoton jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar. A Italiya aka yi su, suka biyo Tarabulus, suka ƙetare Sahara a kan raƙuma. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, ya lissafa takarda cikin hajar da ake shigowa da ita kasuwar birni daga arewa. A zamanin kakana dai jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano tun 1911, takarda ta koma ta kanti, amma har lokacin ba abin wasa ba ce. Ba a yaga ta, ba a zubar da ita.

Da rani mutane kan zo daga Makoda, daga Kunchi, wani lokaci har daga ƙasar Kazaure, su ce suna son Alƙur'ani, ko Ishiriniya, ko Dala'ilu, ko Risala. A yi ciniki, wani ya biya da kuɗi, wani da dammunan gero, wani da tunkiya. Alƙur'ani da ka yake rubuta shi. Sauran littattafai kuwa sai ya aro na wani malami ya ajiye a gefe, ya bi shi layi-layi. Ba a ɗinke takardun, warwatse suke a cikin tadarishi, saboda haka a ƙasan kowane shafi yakan rubuta kalmar farko ta shafin da ke biye, don in sun hargitse a iya mayar da su.

Abu biyu ne a aikin nan da nake so mai karatu ya riƙe. Idan ya gama, ba ya miƙa wa mai shi sai an duba. Yakan tara abokansa alarammomi a zaure, ɗaya yana karanta sabon, sauran suna bi da hadda ko da asalin da aka aro, harafi-harafi, wasali-wasali. In aka sami ɗigo ɗaya da ya ɓata sai an gyara a gefe, kuma gyaran yana nan kowa na gani, ba a ɓoye shi. Haka ake yi wa gardi ma idan ya yi satu a allonsa: sai ya kawo darasu, an bi rubutun a gaban jama'a, in ya yi kure a faɗa masa a fuskarsa. Sannan a shafin ƙarshe kakana yakan rubuta sunan littafin da na mawallafinsa, ya ce wane ɗan wane ne ya kwafa da hannunsa, ya ambaci wanda aka rubuta wa, wani lokaci har da rana da wata, ya roƙi duk wanda ya ga kuskure ya gyara ya kuma yi masa addu'a. Bai taɓa jin kunyar cewa shi mai kwafa ne ba. Abin kunya a duniyarsa shi ne a ce ka ɗauki maganar Ibn Abi Zaid na Ƙairawan ka ce taka ce, ko a kama littafin da ya fito daga hannunka da ɓarna ba ka sani ba.

Wannan ɗabi'a ba a ƙauyenmu ta fara ba. Tarihin Kano ya kawo cewa Wangarawa sun iso zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, Shehu Magili kuma ya zo zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15. Duk littafin da suka zo da shi, da hannu aka yawaita shi har ya kai zaurukan karkara. Kuma mallakar littafi ba ta sa a ce ka san shi. Kana iya samun Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala da Askari, har Muhtasar, a jere a ɗakinka, amma tambayar da malamai za su yi maka ita ce, a wajen wa ka karanta? Dole ka durƙusa gaban malami, ka ja baƙi, ya fassara maka gaɓa-gaɓa, gobe ka dawo ka maimaita, har ka sauke ya ba ka izini. Shi ma ya san a wajen wa ya karanta, haka har a kai ga mawallafi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna Kano ya rubuta wa mutanenta Liya'ul Hukkami, ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukhi, a 1812, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta gun kowa. Wanda ya buɗe littattafan Shehu Usmanu da na Abdullahi da na Muhammadu Bello zai ga naƙali ne ya cika su. Shafi bayan shafi maganar magabata ce, amma kowace an faɗi mai ita da littafin da aka ciro ta, inda ta ƙare kuma an sa alamar ta ƙare. Babu wanda ya taɓa ce musu ɓarayi, domin ba su ɓoye komai ba, kuma da za ka tare su a hanya ka tambaye su ma'anar abin da suka ciro, za su warware maka shi tsaf.

Injin ɗab'i ne ya kashe sana'ar kakana. Daga shekarun 1950 aka fara ɗaukar hoton rubutun ƙwararrun marubutan birni ana buga dubbai a Zariya da Kano, ga kuma na Misira da Bairut suna shigowa Kasuwar Kurmi. Abin da yake wata da watanni yana rubutawa sai ga shi a kasuwar Dambatta da 'yan sulalla. Ya yi baƙin ciki, amma bai ce injin haramun ne ba. Abin da nake ji yana faɗa wa gardawa shi ne, bugu ko rubutun hannu, sai an zo an biya a gabansa.

Boko kuwa ta shigo da nata salon. Turawa sun ci Kano a 1903, Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a 1909, amma karkara irin tamu ba ta ji ta a jika ba sai da aka yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, sannan shirin firamare ga kowa na UPE a 1976. Ni ɗan UPE ne. An kwashe mu da yawa lokaci guda, malamai ba su isa ba, littattafai ba su isa ba. Malami ya cika allon bango da Turanci, mu kwafe, ranar jarrabawa mu mayar masa da abinsa a takarda, ya ba mu maki. A tsangaya ma kwafa muke yi, amma can sai ka buɗe baki ka biya an ji. A nan takarda ce kaɗai ke magana a madadinka, kuma babu mai tambayarka ko ka gane. Na yi sa'a na shiga Sakandaren Kimiyya ta Dawakin Tofa, wadda aka buɗe a 1977 tare da ta Dawakin Kudu, inda na tarar da malaman da ke sa mu gwaji da hannunmu. Yawancin sa'o'ina ba su sami wannan ba.

Lokacin da muka yi digiri, da biro muke rubuta kundi a dogayen takardu, mu kai wa mai keken rubutu ya buga, ya sa takardar kabon don a sami kwafi uku ko huɗu. In ya yi kuskure a shafi sai a sake shafin gaba ɗaya. Wahalar ta sa mutum ya san abin da ke cikin kundinsa. Duk da haka ba zan ce zamaninmu tsarkakakke ne ba, domin tun a lokacin akwai masu zuwa su ɗauko tsohon kundi a kan kantar sashe su juye. Daga 1986, da tsarin tattalin arziki na SAP ya karya darajar naira, ɗakunan karatu suka daina samun sababbin littattafai da mujallu, sai handawut ya maye gurbinsu. Malami ya tsakuro daga littattafan wasu, sau da yawa ba tare da ya ambace su ba, ya buga ya sayar, ɗalibi ya haddace ya mayar masa. Mu malamai mu muka koya wa yaran nan cewa rubutu ba shi da uba. Da wayar salula ta zo a 2001, shagunan intanet da na buga takardu suka kewaye ƙofofin makarantu, sai abin ya zama kasuwa sosai: babi na ɗaya zuwa na biyar a shirye, a canza sunan ƙaramar hukuma kawai. Na taɓa karɓar kundi a kan noma a ƙasar Bichi, ina cikin karantawa sai ga kwakwar manja da koko da damina mai wata tara. Daga wata jami'ar kudu aka ɗauko shi, ko karantawa yaron bai yi ba. Wannan shekaru ne kafin a san da wani ChatGPT. Jami'o'i suka kawo manhajar Turnitin mai gano rubutun da ya yi kama da wani, musamman ga masu digiri na biyu da na uku, ɗalibai kuma suka koyi sauya kalmomi har adadin kamannin ya sauko. Satar tana nan, an dai sake mata riga.

To a kan wannan ƙasa ƙirƙirarriyar basira ta sauka. Ina ganin wajibi ne a yi wa ɗalibai adalci kafin a yanke musu hukunci. Yaron da ya taso a Tsanyawa ko Bagwai da Hausa yake tunani, da ita yake mafarki, Turanci kuwa a littafi kawai yake haɗuwa da shi. Sau da yawa yana da abin faɗa, harshen ne ke ɗaure shi. Ɗan gidan masu hali tun da can yana da wanda zai gyara masa Turanci, ko yayansa ko wanda za a biya. Yau ɗan manomi ya sami mai gyara a wayarsa da datar naira ɗari biyu. Ya sami wanda zai yi masa bayanin abin da bai gane ba a lakca, sau goma in yana so, ba tsawa ba kora, a ajin da mutum ɗari uku ke sauraron malami ɗaya babu lasifika. Ban ga dalilin da zan hana shi wannan ba, kuma ko na so ba zan iya ba. Daga cikin ɗaliban akwai kuma wanda zai rubuta taken jinga ya ce a yi masa shafi biyar, ya kai shago a buga, ya sa sunansa. Sayen hatsi a kasuwar Dawanau ba laifi ba ne, kowa na yi idan rumbu ya yi ƙasa. Amma ka sayo ka zuba a rumbunka ka tara mutane ka ce ga abin da gonarka ta ba ka bana, wannan ƙarya ce, kuma ranar da aka ce ka koya wa wani noma za ta fito.

Malamai ma ba bakinsu ɗaya ba. Akwai dattawan da ke cewa a hana gaba ɗaya, a koma rubutun hannu a cikin aji. Akwai matasan da ke cewa ai kamar na'urar lissafi ce, an yi mata irin wannan surutun da ta fito. Akwai kuma, kuma wannan yana damuna ƙwarai, waɗanda ke tsine wa abin a gaban ɗalibai, su koma ofis su sa ya rubuta musu maƙalar neman ƙarin girma. Ɗalibai sun sani, domin su ake ba wa aikin bugawa. Mafi yawa dai sun jingina da manhajojin da aka ce suna gano rubutun inji. Turnitin ta ƙara irin wannan a Afrilun 2023. Amma a Yulin shekarar OpenAI da kansa ya janye tasa manhajar ganowar saboda ba ta dacewa yadda ya kamata. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Stanford a 2023 ya nuna irin waɗannan manhajoji sun ɗauki fiye da rabin rubutun da ɗalibai waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne suka yi da hannunsu a matsayin rubutun inji, saboda kalmominsu masu sauƙi ne. Wato yarinyar da ta zauna ta yi gumi da ɗan Turancinta ita za a kama, mai wayon da ya san yadda ake juya kalmomi ya wuce. Duk malamin da ya kayar da ɗalibi da hujjar wannan adadi kaɗai ya ji tsoron Allah.

Inda na fi jin tsoron abin shi ne wajen da kakana ya fi tsanantawa. Injin nan an ciyar da shi rubutu mai ɗimbin yawa, yawancinsa na Turanci, ya koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo wace. Da haka yake jero magana mai santsi. Ba shi da malamin da ya durƙusa a gabansa, kuma in ka ce ya faɗi inda ya samo, yana iya ƙaga maka sunan marubuci da mujalla da shekara da lambar shafi, duk babu su. A watan Yunin 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar mata da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙira. Ni ma na ga kundin da aka jingina wa Mortimore maƙalar da bai taɓa rubutawa ba, da take mai daɗi kamar gaske. A ilimin Hadisi an san sunan maganar da aka ƙaga mata isnadi, an kuma san matsayin mai yaɗa ta. Ga shi kuma abin da manoman Kunchi da Makoda suka sani game da ƙasarsu, wace gona ce jigawa, wace ce ke riƙe ruwa, wane irin gero ne ke tsere wa ɗaukewar ruwan Satumba, yawancinsa ba a taɓa rubuta shi ba, balle inji ya haɗiye shi. In ka tambaye shi zai ba ka amsar da za ta dace da Indiya da Kenya da Dambatta duk a lokaci ɗaya.

Wata ɗaliba 'yar ƙasar Bagwai ta kawo min babi biyu a kan ƙuduji, ciyawar nan da wasu ke kira wuta-wuta, mai shanye gero da dawa. Turanci kamar ruwa, babu ko tuntuɓe, amma babu Bagwai a ciki ko sau ɗaya in ban da a take. Na rufe takardun na ce, "'Yata, bar wannan. Babanki yana noma?" Ta ce, "Yana yi, Malam." Na ce, "To in ƙuduji ya kama masa gona, me yake yi?" Sai yarinyar da ke sunkuyar da kai ta ɗago. Ta gaya min a gonar da ta gaji ya fi fitowa, inda aka zuba takin shanu sosai kuwa yana raguwa. Ta ce suna tuge shi kafin ya yi fure ya zubar da iri, kuma kakarta kan ce a sa riɗi a tsakanin gero. Ta kawo gardamar da babanta ke yi da ƙaninsa a kan ko takin zamani na maganinsa. Cikin ɗan lokaci ta faɗi abin da ya fi babi biyun nan amfani nesa ba kusa ba. Na ce ta koma gida da littafin rubutu, ta zauna da manoma, ta rubuta unguwa da rana da wanda ya faɗa mata, ta auna gonakin da za ta iya, duk littafin da za ta ambata kuma ta kawo min shi in gani da idona. In ta gama, na ce, ta sa injin ya gyara mata Turanci, amma ta rubuta a farkon kundin cewa ta yi hakan. Ranar kare kundi babu tambayar da ta kayar da ita.

Abin da na sa ta rubuta a farkon kundin shi ne abin da kakana ke rubutawa a ƙarshen nasa aikin, kuma duniyar ilimi ma can ta nufa. Tun a Janairun 2023 mujallar Nature ta ce ba za a sa inji a jerin marubuta ba, domin ba ya iya ɗaukar alhakin abin da aka rubuta, amma wanda ya yi amfani da shi dole ya bayyana. A Satumbar shekarar UNESCO ta fitar da jagora ga makarantu a kan lamarin. Mu da muke da shafin ƙarshe na masu kwafa, muke da darasu, muke da izinin malami, bai kamata mu jira UNESCO ko Nature su koya mana wannan ba.

Na san abin da abokan aikina za su ce, kuma gaskiyarsu ne: malami ɗaya da ɗalibai gommai a hannunsa, ga lakca, ga makin jarrabawa, ga albashin da ba ya kai wata, yaushe zai zauna da kowa ɗaya bayan ɗaya? Alaramma ma ba ya duba allon mutum ɗari shi kaɗai, manyan gardawa ke taya shi. Muna da masu digiri na biyu da na uku da za a iya ba su wannan aiki a biya su. Kuɗin da ake kashewa a kan manhajar kama ɓarawo zai fi amfani a nan.

Saboda haka ina roƙon majalisun jami'o'inmu na Kano, da hukumomin Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, da hukumar NUC da ke sama da jami'o'i, su fitar da doka a rubuce wadda ɗalibi da malami za su karanta su gane. A wajabta wa kowa, har da mu malamai, ya bayyana inda ya yi amfani da inji da abin da ya sa shi ya yi. Wanda ya kawo madogarar da babu ita a hukunta shi kamar wanda aka kama da satar amsa. A mayar da kaso mai tsoka na makin kundi kan karewa da baki, a kuma yarda ɗalibin da ya yi bincikensa a gonakin Hausawa ya amsa wasu tambayoyin da Hausa in Turanci ya sarƙe shi, domin saninsa ake son aunawa. A ƙayyade yawan ɗaliban da malami ɗaya zai duba. Iyaye kuma na karkara, ku da kuke sayar da wake da gyaɗa ku biya kuɗin makaranta, idan yaranku sun zo hutu ku zaunar da su ku ce su gaya muku da Hausa abin da suke rubutawa a kundin nan, ku kuma kai su wurin tsofaffin manoman unguwa su yi tambaya.